Zaman Da Ke Cin Mazan Adar

Daga ƙofar gidan kawuna zuwa masallacin Juma'ar garinmu, a ƙasar Tabotaki, taku bai cika ɗari uku ba. Da ƙafata na ƙirga. Amma shekara bakwai cur kawu bai taka wannan hanya ba. Yaro ne ke ɗaukarsa a moto, babbar riga na kaɗawa, mutane na ɗaga hannu suna cewa, "Alhaji, a sauka lafiya." Ran da moton ya ƙi tashi sai a aika kiran ɗan kabu-kabu, kawu ya zauna a zaure yana jira har liman ya kusa hawa mumbari. Wata Juma'a haƙurina ya ƙare, na ce, "Kawu, da mun taka ai da tuni muna sahun gaba." Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ɗana," ya ce, "tahiyad da ni yi a duniya ta ishe ni. Wanda Allah ya hutasshe shi ba ya sayen wahala da kuɗinai."

Mai wannan magana ɗan kokawa ne a zamaninsa. Da an ɗaure gero an kai rumbu, shi da abokansa sai su kama hanya a ƙasa, su bi garuruwa har Tama da Karofan, duk inda suka ji an ɗaga kiɗa. Tsofaffi har yau suna ba da labarin ƙwaurinsa, wai kamar taɓarya. Daga baya ya tafi bida Abijan, ya yi dako, ya tura baro, ya yi talla a ka, har Allah ya buɗa masa ya kafa shago. Bayan shekara ashirin da wani abu ya dawo gida, ya gina gidan siminti, ya sauke farali, ya shimfiɗa darduma a ƙofar gida, ya zauna. Zaman ke nan. A nan ake kawo masa koko da safe, a nan fura ke iske shi da rana, a nan ake dafa shayi har a kira magariba. Ciki ya fito, wuya ya yi kauri, kowa ya ce arziki ya zauna wa Alhaji.

Bara waccan, cikin zafin bazara, yana alwalar azahar buta ta suɓuce daga hannunsa. Ya yunƙura zai ɗauka, ya kife. Kafin a kai shi likita baki ya karkace, ɓarin dama ya saki. Da aka ɗaura masa abin awo a dantse, tansiyonsa 19 bisa 11, alhali daga 14 bisa 9 ake fara cewa mutum na da hawan jini. Ma'aikacin ya tambaya yaushe rabon da a auna shi. Babu wanda ya amsa, don ba a taɓa ba. Kafin mu dawo gida kuwa gari ya riga ya yanke hukunci. Wasu suka ce iska ce ta buge shi a bayan gida, wasu suka ce jifa aka yi masa daga Kwaddebuwa saboda hassada. Ban ji mutum ɗaya ba da ya ambaci dardumar.

To ni dardumar nake ambata, kuma da ku nake, 'yan'uwana mazan Adar, daga Buza zuwa Keita, daga Madawa zuwa Tawa. Mun ɗauki zama mun naɗa masa rawani. A wurinmu alamar mutum ya isa ita ce ya daina amfani da ƙafarsa. Yaro na tafiya, babba a ɗauke shi. Talaka na gumi, mai hali a yi masa fifita. Dattijon da aka gani yana tafiya da sauri a bakin hanya da sassafe, sai an tsaya an tambaye shi, "Alhaji lafiya? Moton ne ya lalace?" Kafin azahar labari ya kai kasuwa cewa ya karye. Akwai wani tsohon malamin lakwal a Madawa da ke fita da asuba yana zagaya bayan gari da takalmin roba, na ji da kunnena ana cewa boko ya taɓa masa kai. Saboda tsoron irin wannan magana magidanci zai ba ɗan kabu-kabu dala ashirin ya kai shi wurin da, in ya ɗaga murya, za a ji shi. Wannan wauta ce, kuma wautar da ke kai mutane kushewa kafin su aurar da 'ya'yansu.

Ban ce zama shi kaɗai ya kayar da kawu ba. Akwai gishiri da dunƙulen da ake antaya wa miya, akwai mai, akwai sukarin shayi, akwai abin da mutum ya gada a jininsa. Rai da ajali kuma a hannun Allah suke, babu mai gardama. Sai dai Ubangijin da ya ƙaddara ciwo shi ya halicci ƙafa, kuma bai halicce ta don a naɗe a kan tabarma daga hantsi zuwa isha'i ba. Ruwa ba ya tsami banza. Mu da muka san kori ba ya cin gona sai inda aka sare itacen da ke riƙe da ƙasa, bai kamata a ce jikinmu ne kaɗai muke jingina wa aljanu ba.

Misalin ma a gonarmu yake. Kowane Ba'adare ya san bambancin jigawa da fako. Ruwan farko in ya sauka a jigawa, ƙasa ta shanye shi, shuka ta amfana. In ya sauka a fako, sai ya gangara ya taru, ya yi ta yankar ƙasa har ya haƙa kori. Haka naman jikin ɗan Adam yake da sukari. Tuwon da ka ci, furar da ka sha, shinkafa da burodi, duk suna narkewa su zama sukari su shiga jini. Manyan masu shanye wannan sukari su ne naman cinya da na ɗuwawu da na ƙwauri. In suna aiki, suna zuƙe shi su ƙone. In aka bar su kwance wata da watanni, sai su daina jin kiran insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don ya buɗe wa sukari ƙofa. Sun zama fako ke nan. Sukari ya rasa mashiga, ya yi ta yawo a jini yana cin ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda da na tafin ƙafa. Daga nan ne ake samun dattijon da ƙaya ta soke shi bai ji ba, miki ya ƙi warkewa, a ƙarshe a ɗauke shi zuwa Galmi ko Tawa ana shawarar yanke ƙafa. Hanyoyin jini ma haka: rashin motsi na sa su ƙage, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi, har ran da wata jijiya a ƙwaƙwalwa za ta toshe ko ta fashe. Wannan ita ce iskar da ta bugi kawu.

Ba yau aka gano haka ba. A shekarar 1953 wani likita a Ingila, Jerry Morris, ya fitar da binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin haya na birnin Landan, mutum wajen 31,000. Motocin masu hawa biyu ne. Direba na zaune a kujera kusan duk yininsa, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, hayaƙi ɗaya suke shaƙa. Da aka duba, ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma in ya kama su ya fi saurin kashe su. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Madawa ya dubi cikin direba ya dubi na yaron motarsa, ya ga wannan bincike da idonsa. A ƙasar Sin kuma, a garin Da Qing, a 1986 aka ɗauki mutum 577 waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ga ciwo ba, aka bi su shekara shida. Waɗanda aka sa su motsa jiki, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 46 cikin ɗari in aka gwada da waɗanda aka bari yadda suke. Babu allura, babu ƙwaya. Da a ce wani mai magani ne ya zo kasuwar Buza da lasifika yana sayar da garin da ke yin rabin wannan aiki, da mun yi layi mun zubar masa da jikkuna.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema a wurin baligi bai taka kara ya karya ba: minti 150 a mako na motsin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga, jiki ya yi ɗumi, amma mutum na iya magana. Rabin awa ke nan, kwana biyar. Sai kuma aikin da ke ƙarfafa nama, kamar ɗaga kaya ko haƙa, sau biyu a mako. Yara kuwa awa guda kowace rana. Hukumar ta ce a 2022 kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya, mutum kusan biliyan 1.8, ba sa cika wannan ɗan ƙaramin ma'auni. Da can muna jin irin wannan labari mu ce na Turawa ne da mutanen birni. Yanzu ya shigo mana har zaure, a bayan moto ɗan Sin.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce, "Kai da ke cin albashi a Tawa, ka zo ƙasar da aka sha yunwar El Buhari a 1984, aka sha ta 2005, kana wa mutane wa'azin motsa jiki? Mu da muke neman abin da za mu sa a ciki?" Maganar tana da nauyi, kuma ban raina ta ba. Wanda ya yini a duƙe yana noma da hauya a watan Yuli, ko mai dashen albasa a fadamar Majiya da ke cikin laka tun asuba, ba da shi nake ba. Abin da yake buƙata abinci ne da hutu. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Damina wata nawa ce? Daga shuka zuwa girbi wata huɗu, in ta yi tsawo biyar. Sauran wata bakwai ɗin fa? Wanda ya tafi cin rani ya tafi. Wanda ke da garka yana garkarsa. Saura kuma, waɗanda ba su tafi ba, da waɗanda suka dawo da ɗan abin hannu, da 'yan tireda, da ma'aikatan gwamnati irina, da masu jiran ɗa ya turo kuɗi daga Libiya ko Legas, ina muke yini? A fada. Kuma abin takaicin shi ne talauci bai hana hawan jini ba. Gida ɗaya za ka shiga ka tarar da yaro mai tamowa a ɗaki, uban gidan kuma na fama da sukari a zaure.

Ku zo mu dubi fadar nan da kyau. Benci biyu da tabarma a inuwar bedi. Murhun gawayi, 'yar buta shuɗiya, ƙananan kofuna. Ana ɗora shayi na farko da hantsi, mai ɗaci, a zuba masa sukari da hannu ba da cokali ba. Kafin a sha na uku an kira azahar. A yi salla a nan gefe, a dawo a ɗora sabo. Masu kati na kati, masu lido na lido, dattawa na dara, sauran kowa ya sunkuyar da kai a kan waya yana tura bidiyo a WhatsApp. In ruwa ya ƙare a ƙwala wa yaro kira. In goro ake so a aiki yaro. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar, ƙato, lafiyayye, zai zauna awa tara bai yi taku ɗari biyu ba, in ya tashi kuma ya dafa gwiwa yana nishi kamar tsohon da ya ga zamanin Jori Hamani. Da dare ya kasa barci, ya ce tunani ne. Da safe jiki ya yi nauyi, ya ce shawara ce, ya nemi ƙwaya a wurin mai tebur. Ba na ƙin fada. A nan ake jin labarin gari, a nan ake haɗa gudummawar biki da ta rasuwa, kuma na san rashin aikin yi ne ya zaunar da da yawa daga cikin samarin nan, ba son ransu ba. Amma rashin aiki bai ɗaure wa kowa ƙafa ba. Kifi ma cewa ya yi zama wuri ɗaya tsautsayi ne.

Yanzu ga inda abin ya fi ƙona mini rai. Kana zaune a fadar nan, ɗaga kai ka dubi hanya. Wa ke wucewa? Mace ce da jarka mai lita 25 a ka, goyo a baya, wani cikin a gaba. Yarinya ce 'yar shekara goma sha biyu ta sauko daga kan dutse da damin itacen da ya fi ta tsawo. Tsohuwa ce ke jan akuya. Sun tashi kafin kiran assalatu, sun yi sussuka, sun yi surfe, sun yi daka, sun je rijiya sau uku. Mu kuma muna kallo, har mukan ce musu sannu.

Kuma ba yau suka fara ɗauke mana kaya ba. Lokacin da aka buɗe aikin Keita a 1984, da kuɗin ƙasar Italiya, da hannun hukumar FAO, ana biyan ma'aikata da abincin hukumar PAM, su wa suka hau tsaunuka? Mata ne mafi yawa, don maza sun tafi bida. Su suka ɗauki diga da shebur suka haƙa ramuka a jikin dutse, su suka jido duwatsu a ka aka jera don tare ruwa, su suka dasa itatuwa miliyoyi a ƙasar da kowa ya yanke wa ƙauna. Daga baya aikin ya faɗaɗa har ya shigo ƙasar Buza da Abalak. Inuwar da wasunmu ke shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta yau, wuyan uwayenmu ne ya biya kuɗinta. Layukan bedin da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 tare da ƙungiyar CARE don su tare iska, su ma da hannu aka haƙa, da hannu aka yi ban ruwa. Ƙasar nan da gumi aka ƙwato ta daga hamada. Ina muka samo wannan sabuwar aƙida cewa gumi abin kunya ne?

Kada wani ya ce to ai matan suna motsa jiki, sun huta da ciwo. Wannan ba motsa jiki ba ne, lalata jiki ne. Kaya mai nauyi a ka kullum, ba hutu, ba isasshen abinci, ga ciki ga shayarwa, abin da yake haifarwa ciwon wuya ne da ciwon baya da tsufa tun ana shekara talatin da biyar. Masu bincike a ƙasar Danmak, da suka bi mutum fiye da 100,000, sun fitar a 2021 cewa motsin da mutum ke yi da son ransa yana tafiya da raguwar ciwon zuciya, amma aikin ƙarfi na yini guda ba ya ba da wannan kariya. Ashe a gida ɗaya mutum biyu ke cutuwa: ita aiki ya yi mata yawa, kai ya yi maka kaɗan. Maganin ciwonka yana bisa kan matarka. Sauke mata ka ɗauka. Ɗaura jarkoki a baro ka tura zuwa famfo. Ɗauki gatari ka faskara itacen. Ɗauki diga ka tafi fakon da ka gada ka haƙa ramukan tassa da na rabin wata tun rani, ka jido taki ka zuba, kamar yadda mutanen Illela da Badagishiri suka rayar da matattun gonakinsu. Za a ce maka mijin-ta-ce. A ce ɗin. Waɗanda za su faɗa ba su ne za su juya ka a shimfiɗa ba ran da ɓarin jiki ya mutu, ita ce.

Akwai kuma wasu matan da muka cuta ta ɗaya gefen. Alhaji in ya samu, sai ya ɗaga katanga, ya kawo 'yar aiki, ya kai niƙa inji, ya ce matarsa ta huta. Ta yini tsakanin gado da tabarmar tsakar gida, ba ta leƙa ko zaure sai da dalili. Tun tana amarya ma an ɗura mata ƙwayoyin ƙiba don a ce gidan miji ya karɓe ta. Shekara goma sai gwiwa ta ƙi, sai salla a zaune, sai sukari. In likita ya ce ta riƙa tafiya, maigida ya ce matarsa ba ta yawo. To tsakar gidan ba ta da faɗi ne? Ba za ka iya rakata bayan isha'i ku je gaida mahaifiyarta da ƙafa ba? Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha ta tsere masa, bayan wasu shekaru suka sake shi ya tsere mata. Sun karantar da mu yana taimaka wa iyalinsa da aikin gida, yana zuwa masallacin Kuba ran Asabar wani lokaci a kan abin hawa wani lokaci a ƙasa, kuma ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Wane ne a cikinmu ya fi shi daraja, da har tafiya za ta zubar masa da girma? Ina roƙon limamanmu su hau mumbari da wannan magana kamar yadda suke hawa da maganar zakka. Mutum ya tara kuɗin hajji shekara goma, ya isa Makka, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kimanin kilomita 3 ne gaba ɗaya, amma sai an tura shi a keke yana ɗan shekara hamsin. Wanda tsufa ko ciwo ya kai shi ga haka, Allah ya ba shi lada ninki. Wanda darduma ta kai shi, ya tambayi kansa.

Samari, ku ma ba ku tsira ba. A Tawa aka fara gasar kokawa ta ƙasa a 1975, inda Kantu na Maradi ya ɗauki takobi. Tun daga lokacin, duk shekara in an buɗe fili ƙasar nan tsayawa take cak, kowa ya manne wa rediyo da talabijin, ana gardamar Issaka Issaka na Dosso da 'yan kokawar Tawa har a kusa ba hammata iska. Da Alfaga ya ciyo azurfa a tekwando a Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017, duk mun yi ta murna. Amma a garinku yaushe rabon da a share fili bayan girbi? Yaushe rabon da ku yi langa a farin wata? Kuna iya lissafa 'yan wasan Barcelona da Real Madrid har da na benci, kuna biyan kuɗi ku zauna a gidan kallo awa biyu, amma ku goma sha ɗaya ba ku iya haɗa kuɗin ƙwallo ɗaya ku raba gari biyu ku buga da la'asar. Kallon mai gudu bai taɓa ƙara wa kowa numfashi ba. Mu iyaye kuma mun ƙwace wa yara dandali mun miƙa musu waya don su yi shiru. 'Yan mata sun bar gaɗa. A lakwal ba a tuna da gudu sai jarrabawar BEPC ta matso, a fito da yara su yi mako biyu suna haki, wasu iyayen ma su nemo takardar da za ta ɗauke wa ɗansu. Filin da yara ke buga ƙwallo a bayan gari, rana ɗaya sai a wayi gari an kafa masa duwatsun awo an yanka fuloti. Duk magajin garin da ya sa hannu a irin wannan takarda, ya sani lafiyar yaran garinsa ya sayar.

Zafi fa? Na san zafin Adar a watan Afrilu da Mayu, ba wanda ya ce ka fita da tsakar rana. Amma kana tashi sallar asuba. Daga sallame salla zuwa fitowar rana akwai sanyi, akwai lokaci. Maimakon ka koma shimfiɗa, wuce gona ka dubo ta ka dawo. Bayan tuwon dare kada ka kishingiɗa nan take, taka minti goma ko sha biyar, don a lokacin ne sukari ke hawa kuma a lokacin ne cinya za ta shanye shi. Masallaci da kasuwa da gidan gaisuwa, duk abin da ke cikin gari, bar moto a gida. Ku 'yan fada, ku ajiye doka a tsakaninku: ba a ɗora buta sai an zagayo gari. In shekarunka sun wuce arba'in, ko kana da ƙiba, je likita a auna tansiyo da sukari kafin ka fara, ka fara a hankali, minti goma yau, sha biyar wani mako. In ka ji ƙirji ya riƙe ko jiri ya ɗebe ka, tsaya ka nemi likita. Mai hawan jini da ke tafiya a kai a kai yana iya rage rabin lamba ko fiye a lambar sama, amma wannan ba dalilin ajiye ƙwayar da aka rubuta masa ba ne, su biyun tare suke aiki. Ni ma da ke wannan rubutu aikin kujera nake yi, kuma sai da na ga kawu a kwance na je aka auna ni. Abin da na gani ya sa yanzu da ƙafa nake zuwa wurin aiki.

Da na je gida a ƙaramar salla na tarar an ɗaura igiya daga ƙofar ɗakin kawu zuwa turken da ke bakin zaure. Ma'aikacin likita ne ya ce a yi haka, ya ce kullum safe da yamma a tashe shi ya taka, in ba haka ba ƙafar za ta ƙage gaba ɗaya. Inna, matar kawu, ita ke tashinsa. Ita da ta yi shekara arba'in tana ɗaukar ruwa, yanzu shi take ɗauka. Ta sa kafaɗarta a hammatarsa, ya kama igiya da hannun hagu, yana jan ƙafar dama tana share ƙasa. Jikoki na gefe suna ƙirgawa da ƙarfi. Ran nan ya yi taku goma sha huɗu, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, aka zaunar da shi a kan turmi yana haki. Da numfashinsa ya dawo ya yafuto ni da hannu. Maganarsa ba ta fita sosai, sai da na kai kunne kusa da bakinsa.

"Ɗana," ya ce, "taku nawa ka ce, zuwa masallaci?"

Na ce, "Bai cika ɗari uku ba, kawu."

Ya yi shiru yana duban ƙofar zaure. Can ya ce wa inna ta kama shi, zai ƙara biyu.